Idan an ƙi sabunta kuɗin DLA na yaro: abin da doka ke aunawa da abin da iyaye ke mantawa su faɗa

A Ingila da Wales, kuɗin tallafin da gwamnati ke ba yaro mai lalura ɗan ƙasa da shekara 16, wanda kowa ya sani da DLA, yawanci yana zuwa da wa'adi. Idan ya rage kamar mako 20 wa'adin ya cika, ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, takan aiko da fom ɗin sabuntawa mai shafi kusan 40. Uwa ko uba su cike, su mayar, su jira. Sai wata rana takarda ta iso cewa an rage kuɗin, ko an tsayar da shi gaba ɗaya. Yaron kuwa yana nan yadda yake, maganinsa bai ragu ba, daren gidan bai sauya ba.

Abin da ke fara rikita iyaye shi ne zaton cewa sabuntawa ci gaba ne na abin da aka riga aka amince da shi. A doka ba haka ba ne. Sabuwar buƙata ce, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan mai nema kamar ranar farko. Jami'in da zai yanke hukunci ba likita ba ne, kuma a mafi yawan lokuta ba zai taɓa ganin yaron ba. Ba kamar tallafin manya na PIP ba, inda ake kiran mutum a yi masa tambayoyi, DLA na yara galibi a kan takarda ake yanke shi. Abin da ba a rubuta ba, a wajen jami'in nan, bai faru ba. Wannan ne ya sa yawancin ƙararrakin da iyaye ke ci ba sabon binciken asibiti ne ke ci musu ba. Suna ci ne don a karo na farko wani ya zauna ya tambaye su yadda ranar yaron take tafiya daga farkawa zuwa kwanciya, da kuma daga kwanciya zuwa wayewar gari.

Tun da aka kafa DLA a 1992, ma'auninsa bai taɓa zama sunan ciwo ba. Sashe na 72 na dokar tallafi ta wannan shekarar yana magana ne a kan taimakon da mutum ke buƙata daga wani mutum. Akwai ma hukuncin da aka yi wa lamba R(DLA) 3/06, wanda ya tabbatar cewa ba dole ne a ce likita ya sa wa lalurar suna ba kafin a cancanta, muddin dai akwai tawaya ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Haka kuma sunan ciwo komai girmansa ba ya isa shi kaɗai. DLA ɓangare biyu ne, na kulawa da na zirga-zirga. Ɓangaren kulawa yana da hawa uku. Na ƙasa na yaron da ke buƙatar taimako na wani yanki mai ɗan yawa na yini ne, abin da kotuna suka saba ɗauka kamar awa guda, ko a dunƙule ko a rarrabe. Na tsakiya na wanda ke buƙatar taimako a kai a kai tsawon yini, ko sa ido ba yankewa don kada ya jefa kansa ko wasu cikin babban haɗari, ko kuma wanda buƙatarsa ta dare ce. Na sama na wanda ya haɗa duka biyun, yini da dare. Da dare ana so taimakon ya zama mai tsawo, kamar minti 20, ko maimaitacce, wato sau biyu ko fiye. Daren ma ba lokacin da yaro ya kwanta ake nufi ba. Yana farawa ne lokacin da gidan ya saba rufewa, manya suka kwanta, abin da aka fi ƙiyastawa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. Uwar da ta rubuta cewa tana shafe awa biyu tana lallashin ɗanta ya yi barci daga ƙarfe 8, ta bayyana aikin yini ne a idon doka, komai duhun da ke waje.

A kan duk wannan akwai wani sharaɗi da ya keɓanta da yara, kuma a nan ne mafi yawan ƙin sabuntawa ke samun madogara. Dole buƙatar yaron ta fi ta tsaransa marasa lalura da tazara mai yawa. Saboda haka takardar hani takan ƙunshi jimloli iri ɗaya: duk yara masu wannan shekaru suna buƙatar a sa musu ido, ko kuma yanzu ya girma, ana sa ran zai iya kula da kansa. Jimla ta biyun ita ce ta fi cin iyaye a lokacin sabuntawa, kuma a ganina ita ce ta fi rauni idan aka tsaya aka dube ta. Ɗan shekara uku, lafiyayye ko mai lalura, ana yi masa wanka, ana sa masa kaya, ba a barinsa shi kaɗai. Tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce. Ɗan shekara goma lafiyayye kuwa yana wanka da kansa, yana ɗaura igiyar takalminsa, yana kwana bai tashi kowa ba, wani ma yana tafiya makaranta da abokansa. Idan yaro mai lalurar otizim ya kai goma ana tsaye a kansa yana goge baki, ana riƙe hannunsa a bakin titi, to tazarar ba raguwa ta yi ba, ƙaruwa ta yi. Girman da aka kafa hujja da shi aka hana, sau da yawa shi ne hujjar iyaye mafi ƙarfi. Sai dai dole su faɗi kwatancin da bakinsu. Wanda ke da wani yaro a gida, ƙani ko wa, ya faɗi abin da wancan ke yi a wannan shekarun da wannan ba ya iyawa.

Amma me ya sa iyayen da suka cike fom na farko har aka ba su, sai na biyu ya gaza? Sabo. A shekarar farko komai sabo ne, kowane abu yana da zafi, uwa tana iya lissafa shi ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara uku aikin ya shige jiki har ta daina ganinsa aiki. Fom ya tambaya ko yaro na buƙatar taimako wajen sa kaya, ta rubuta cewa yana sawa da kansa. Gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta rubuta ba shi ne tun dare take jera kayan a kan kujera bisa tsarin da zai sa su, ta yanke duk wata alamar kamfani da ke wuyan riga don yana ƙin ta taɓa fatarsa, da safe ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa yanzu wando, yanzu safa, ta maimaita sau huɗu ko biyar, idan safar ta karkace a yatsa ya cire komai a koma farko, abin da ƙaninsa ke gamawa cikin minti uku shi yana cin minti 25. Duk wannan taimako ne a doka. Tunatarwa da ƙarfafa gwiwa da tsayawa a kai ana lissafa su kamar yadda ake lissafa ɗaga hannun yaro a zura masa riga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan harka idan bai nuna wurin da yatsa ba, ba wanda zai leƙo.

Akwai kuma nauyin baki. Ba uwar da ke jin daɗin cika shafi 40 da gazawar ɗanta, musamman bayan shekarun da ta yi tana koya wa kanta da malamansa su riƙa kallon abin da ya iya. Sai ta riƙa sassautawa: yana ƙoƙari, ya samu ci gaba sosai, mun gode Allah. Jami'i ya ja layi a ƙarƙashin ci gaba sosai, ya rufe fayil.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan wayo. Kulawa mai kyau tana ɓoye buƙatar kanta. A ɗauki yarinya 'yar shekara 11 mai ciwon suga nau'i na ɗaya. Takardar asibiti ta ce sugan jininta yana kan daidai, ba a kwantar da ita ba tun bara. Mai karantawa daga nesa zai ce lafiya ta samu. Amma daidaiton nan daga ina ya fito? Daga uban da ke auna abin da ke cikin kowane faranti ya lissafa yawan insulin, da uwar da na'urar da ke manne a hannun yarinyar ke tasa da ƙararrawa ƙarfe biyu na dare, ta je ta tashe ta, ta ba ta abu mai zaƙi, ta zauna minti 15 ta sake aunawa, idan bai hau ba ta sake, sannan ta koma ta kwanta da kunne ɗaya a buɗe. Sakamakon asibitin shaida ne cewa ana yin aikin, ba shaida ba ne cewa ba a buƙatarsa. Haka abin yake ga yaro mai farfaɗiya ko sikila da aka daɗe ba a kai shi sashen gaggawa ba. Tun 1987, a shari'ar Moran, kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa wanda ke zaune kusa da mai farfaɗiya a shirye ya kai ɗauki yana iya zama mai sa ido a doka, ko da a tsakanin faɗuwa da faɗuwa bai ɗaga ko yatsa ba. Tambayar da ya kamata iyaye su amsa a rubuce ita ce: da na janye hannuna mako guda, me zai faru?

Kotunan Birtaniya sun daɗe suna faɗaɗa abin da ake kira taimako. A 1994, a shari'ar Mallinson, alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli, sun ce jagorantar makaho taimako ne da ya shafi aikin jiki, wato gani. A 1997, a shari'ar Fairey, sun ce kurma na da haƙƙin a lissafa taimakon da take buƙata don ta yi hulɗa da mutane kamar kowa, ba wanda zai raya ta kawai ba. Ga yaro wannan yana nufin wasa da tsara da fahimtar darasi da magana duk suna ciki. Amma a tare da wannan hukuncin suka yanke na Cockburn, inda suka ce wankin kaya da ake yi ba a gaban mutum ba ba ya shiga lissafi. Don haka uwar yaro mai fitsarin kwance da ta cika shafi da yawan wankin da take yi ta ɓata tawada. Abin da ake lissafawa shi ne tashinsa, wanke masa jiki, sauya masa kaya, cire zanin gado nan take, da lallashinsa ya koma barci, tare da mintunan da hakan ke ci da kuma dare nawa a mako.

Sai makaranta. DWP na iya tuntuɓar makaranta, kuma amsar kan zo da yabo: yaro ne mai natsuwa, yana bin darasi. Malama ba ƙarya ta yi ba, kuma ta saba rubuta rahoto don ta ƙarfafa iyaye. Amma ba ta ce yana natsuwa ne don akwai mataimakiya zaune a gefensa ba, ko don ana fitar da shi minti biyar kafin kowa saboda hayaniyar baranda. Wasu yaran kuma suna danne komai a aji, su zo gida su fashe. Taimakon da ake bayarwa a makaranta yana shiga lissafi, domin doka ba ta damu da wanda ya bayar ba. Idan yaron yana da takardar tsarin ilimi da lafiya da kulawa da ake kira EHCP a Ingila, wadda ta samo asali daga dokar yara da iyali ta 2014, sau da yawa ta fi wasiƙar likita amfani, saboda tana faɗin awowi da irin taimakon dalla-dalla. Maganin rahoton yabo ba jayayya da shi ba ne. A koma wajen malamar da ke kula da masu buƙata ta musamman a roƙe ta ta rubuta abin da ake yi wa yaron wanda ba a yi wa sauran 'yan ajin.

Dalilin da ya sa wannan takardar hani ke girgiza gida shi ne DLA ba ya faɗuwa shi kaɗai. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, hawa ukun kulawa fam 29.20 ne da fam 73.90 da fam 110.40 a mako, na zirga-zirga kuma fam 29.20 da fam 77.05. Ba a duba albashin iyaye, ba a cire haraji. Amma alawus ɗin mai kulawa, fam 83.30 a mako a waccan shekarar ga wanda ke ba da awa 35, yana rataye ne da hawa na tsakiya ko na sama. Ko rage yaro aka yi zuwa na ƙasa, alawus ɗin ya tafi. Idan DLA ya tsaya gaba ɗaya, gidan da ke karɓar Universal Credit, tallafin masu ƙaramin ƙarfi, yana rasa ƙarin yaro mai lalura, fam 158.76 ko fam 495.87 a wata a waccan shekarar, da ƙarin mai kulawa na fam 201.68, kuma kariyar da DLA ke bayarwa daga ƙayyade jimillar tallafi na iya gushewa. Idan hawa na sama na zirga-zirga ne ya tafi, motar da aka karɓa haya da wannan kuɗin a shirin Motability ma sai an mayar. Duk tsawon lokacin da ake jayayya ba a biyan abin da aka hana. Kuma dole ne iyaye su sanar da ofishin alawus ɗin mai kulawa cewa DLA ya tsaya, in ba haka ba kuɗin da ya ci gaba da shigowa bashi ne da za a zo nema.

Hanyar ƙalubalantar hukuncin hawa biyu ce, kuma ba a tsallake na farko. Tun Oktoban 2013 sai an fara neman DWP ta sake duba hukuncinta kafin a je kotu. Wa'adin wata ɗaya ne daga ranar da ke jikin takardar, ba ranar da ta iso ba. Ana iya karɓar buƙata a makare har zuwa wata 13 idan akwai dalili mai ƙarfi, kamar kwanciyar yaro a asibiti, amma wannan alfarma ce da ba a so a dogara da ita. Ana iya nema ta waya, sai dai rubutu ya fi, ko da fom ɗin CRMR1 ko da wasiƙa, a ajiye kwafi da shaidar aikawa. Kada a jira wasiƙar likita har wata ya wuce. A aika buƙatar, a ce shaida na tafe. A kuma nemi kwafin duk abin da jami'in ya dogara da shi, domin ba a iya rusa hujjar da ba a gani ba. Wasiƙar da ta fi tasiri ita ce wadda ta ɗauki jimlolin takardar hani ɗaya bayan ɗaya ta amsa: kun ce kaza, abin da ke faruwa shi ne kaza, sau kaza a yini, minti kaza, tsaransa kuwa ba sa buƙatar haka.

Wani jami'in ne daban zai duba, amma ma'aikata ɗaya ce, littafin jagora ɗaya, kuma ba wa'adin da doka ta ɗora musu na amsawa. Wasu na dacewa a nan. Da yawa kuma amsa ɗaya ake maimaita musu, kuma a nan ne gidaje masu yawa ke sarewa, suna ganin an duba sau biyu an ce a'a, to shi ke nan. Wannan shi ne kuskure mafi tsada a duk harkar. Alƙaluman ma'aikatar shari'a sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin ƙararrakin DLA da aka saurara a kotu iyaye ne ke cinsu. Ni dai ina ganin tsarin da ake rushe fiye da rabin hukuncinsa idan an kai gaban mai zaman kansa, bai kamata ya ɗora wa gajiyayyun iyaye wani mataki a tsakani ba. Amma haka dokar take.

Da takardar sakamakon sake dubawa ta iso, akwai wata ɗaya na shigar da ƙara a kotun matakin farko mai sauraron ƙararrakin tallafi, da fom ɗin SSCS1. Kyauta ne. Kotun ba ƙarƙashin DWP take ba. Ana ba ma'aikatar kwana 28 ta kawo amsa, wadda ke zuwa a matsayin tarin takardu masu lambar shafi. A karanta shi da biro a hannu, komai kaurinsa. A nan ake gano cewa ba a saka tsohon fom ɗin da aka ba da kuɗi a kansa ba, ko an dogara da layi ɗaya daga rahoton da sauransa ke goyon bayan yaron. Idan tsoffin takardun ba sa ciki, a nemi kotu ta umarci a kawo su. Wani lokaci kafin ranar zama DWP takan bugo waya da tayin wani hawa. Idan ta sauya hukuncin zuwa wanda ya fi, ƙarar ta faɗi da kanta, amma sabon hukuncin ma ana iya kai shi kotu kai tsaye idan bai kai abin da ake ganin ya dace ba. Ba dole ne a amsa tayin a kan waya nan take ba.

Fom ɗin zai tambaya ko ana so a halarci zaman ko a yanke a kan takarda. A halarta, ko ido da ido, ko ta bidiyo, ko ta waya. Takarda ce ta jawo matsalar tun farko. Mutum uku ne ke zama: alƙali, likita, da wani mai masaniya kan rayuwa da nakasa, ko don yana da ita ko don aikinsa ne. Ba rigar alƙalai, ba akwatin shaida, teburi ne kawai. Ba a saba buƙatar a kawo yaron ba. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da haƙƙin tafinta kyauta, sai dai a nema tun a fom, don ba a yarda ɗan uwa ya yi tafinta.

Akwai ƙa'ida guda da ke ba mutane mamaki a ranar. Sashe na 12 na dokar tallafi ta 1998 ya hana kotu duba halin da bai kasance ba a ranar da aka yanke hukuncin da ake ƙara a kai. Ana iya shafe watanni da yawa kafin a samu ranar zama, amma tambayoyin duk a kan wancan lokacin ne. Idan hukuncin na watan Maris ne, zaman kuma ya zo a Nuwamba, yaron Maris ake tambaya. Shaidar da aka rubuta daga baya tana da amfani matuƙar ta haska yadda yake a lokacin, don haka a roƙi mai rubutawa ya faɗi haka a fili. Sunan ciwon da aka gano a Yuli yana iya bayyana halin da ake ciki tun Maris. Amma idan jikin ya ƙara tsanani ne bayan hukuncin, hanyar ita ce sabuwar buƙata. A nan ma akwai lissafi: da zarar an yanke hukunci a kan sabuwar, ikon kotu a kan tsohuwar yana tsayawa ne a wannan iyakar, kuma idan an sake hanawa sai an sake ƙalubalantar ta biyun ita ma. Wannan wuri ne da ya cancanci a nemi shawarar masani kafin a motsa.

Masanin kuwa samunsa ya yi wuya tun Afrilun 2013, lokacin da aka cire yawancin shari'un tallafi daga tsarin lauyan gwamnati kyauta a Ingila da Wales. Abin da ya rage shi ne Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta, da cibiyoyin shari'a na unguwanni, da sashen haƙƙin tallafi na wasu ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyi irin su Contact da Cerebra masu jagorar cike fom ɗin yara. Iyaye da yawa su kaɗai suke zuwa, kuma suna ci, domin kotun ita ke yin tambayoyi, ba jira take a yi mata muhawarar lauyoyi ba.

Game da shaida, mutane kan kashe kuɗi da lokaci wajen neman wasiƙar likitan unguwa, wanda zai iya cajin kuɗi ya rubuta layi uku na sunan ciwo da magani, abin da ba wanda ya musa. Littafin da uwa ta cika na mako ɗaya ko biyu, da lokaci da abin da aka yi da tsawonsa, ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba: 1:40 ya farka yana kuka, ya jiƙe, wanka da sauya kaya da zani, ya koma barci 2:25, 4:10 ya fito yana neman buɗe ƙofar waje, an mayar da shi, minti 20. Akwai shawarar da ke yawo tsakanin iyaye cewa a bayyana rana mafi muni kamar ita ce kullum. Shawara ce mai cutarwa. Likitan da ke zaune a teburin nan ya san yadda lalurar ke hawa da sauka, kuma da ya ga an ƙara gishiri a wuri ɗaya sai ya fara shakkar sauran. A shari'ar Moyna ta 2003 an ce a dubi lokacin gaba ɗaya a yi hukunci, ba a ƙirga kwanaki kamar lissafin aji ba. A faɗi gaskiya: dare huɗu ko biyar a mako haka yake, sauran da sauƙi, kuma ko a mai sauƙin ga abin da ake yi.

Ɓangaren zirga-zirga yana da nasa dokoki. Hawa na ƙasa daga shekara biyar yake farawa, na yaron da ke iya tafiya amma yana buƙatar jagora ko sa ido a wuraren da bai sani ba fiye da tsaransa sosai. Na sama daga shekara uku, na wanda ba ya iya tafiya ko kusan haka, ko mai tsananin raunin gani. Akwai wata ƙofa ta masu tsananin tawayar ƙwaƙwalwa da halayyar da sai an riƙe su don kada su ji wa kansu ko wasu, amma ƙunci gare ta: sai yaron yana kan hawa na sama na kulawa, sannan a cika sauran sharuɗɗan duka. Wannan ya kawo wani abin lura. Kotu na da ikon duba duk abin da aka bayar, ba ɓangaren da aka yi ƙara a kai kawai ba. Wanda aka bar masa na tsakiya ya je neman na sama, a ƙa'ida ana iya rage masa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma adalci ya wajabta a gargaɗe shi tukuna, a ba shi damar neman ɗagewa ko janye ƙarar. Wanda aka hana komai kuwa ba abin da zai rasa.

Idan an ci, ana biyan duk bashin tun daga ranar da tsohon ya tsaya. Sauran tallafin ba lallai su dawo da kansu ba. Alawus ɗin mai kulawa sai an nema cikin wata uku daga ranar hukuncin kafin a mayar da shi baya gaba ɗaya, Universal Credit ma sai an sanar da su. Idan an faɗi, akwai wata ɗaya na neman cikakken bayanin dalilan kotu a rubuce. Babbar kotun da ke sama ba ta sake sauraron labarin yaro, kuskuren doka kawai take dubawa. Ga masu sabuntawa akwai wani tsohon hukunci mai lamba R(M) 1/96 da ya ce idan an taɓa ba mutum tallafi sannan aka ƙi sabunta masa, dole dalilan su nuna me ya sa, sai fa in abin a bayyane yake. Kotun da ta hana ba tare da ta ce uffan a kan tsohon hukuncin ba ta buɗe ƙofar a rushe nata.

Duk wannan na Ingila da Wales ne. Ailan ta Arewa na da DLA na yara, amma da ma'aikatarta da kotunanta. Sikotland kuwa ta bar tsarin tun 2021, ta kafa nata tallafin yara masu lalura a ƙarƙashin hukumarta. Ma'aunin cancanta kusan ɗaya ne, amma hanyar ta bambanta. Tallafin ba ya ƙarewa da kansa, bita ake yi yana ci gaba da shiga. Iyaye na da kwana 42 su nemi a sake dubawa, hukumar na da kwana 56 ta amsa, idan ta wuce ana iya tafiya kotu kai tsaye. Idan an rage ko an tsayar da kuɗin da ake biya, akwai tallafin wucin gadi da ke cike giɓin har a gama jayayya, kuma ba a neman a mayar da shi ko an faɗi. Gida biyu masu yara iri ɗaya, ɗaya a Carlisle ta Ingila ɗaya a Dumfries ta Sikotland, tafiyar ƙasa da awa guda a mota, na farkon zai yi watannin jiran kotu ba ko fam, na biyun kuwa kuɗinsa na shigowa har ranar hukunci.